Goron da Aka Gyara Mini a Madina

A filin jirgin Madina na fara jin labarin cewa ni manomi ne. Kafin nan ban sani ba. Abin da na sani shi ne ni Ɗanjuma mai goro ne, tun ina saurayi nake zaune bakin faifai a kasuwar garinmu, ina yayyafa ruwa ina korar ƙuda, har gemu ya yi fari. Karatun boko kuwa a aji huɗu muka rabu, ba faɗa ba zagi, kowa ya kama gabansa. Saboda haka wanda ya ci karo da tuntuɓe a rubutun nan ya ɗaga ƙafa ya wuce.

Abin da ya kawo ni ba ɓoyayye ba ne. Matata ta rasu, 'ya'ya sun kama gidajensu, ni kuma ina so in ƙarasa kwanana a Madina, in ajali ya zo a kai ni maƙabartar Baƙi'a. Ejan ɗin da ya yi mini biza ya ce aikin gadi ne a ƙofar wata gona, ga kujera ga inuwa, in buɗe in rufe. Ya kuma rage mini shekaru a fasfo har na zama ƙanin ƙanena. Gwiwoyina ne kaɗai ba a sanar da su ba.

Wanda ya zo tarbata shi ne kafil ɗina, wato mutumin da zamana a ƙasar yake hannunsa. Abu Yasir ake ce masa. Baƙi ne kamar ni, jinin Hausawa, amma a Madina aka haife shi. Yana jin Hausa sarai, sai dai in ka jefa masa ita da Larabci take dawo maka. Tun daga filin jirgi har cikin mota sai kirana yake muhandis, wato injiniyan gona, na ɗauka zolaya ce irin ta jika da kaka. Can ya miƙo mini waya da hoton wata ƙatuwar bishiya mai duhun ganye, yana dubana yana jira. Na ce masha Allah, mangwaro. Ya yi dariya har motar ta karkace, ya ce ashe muhandis yana da barkwanci. Wannan shi ne hoton bishiyar goro na farko da na taɓa gani a duniya.

Kada mai karatu ya yi mamaki. Mu mutanen Arewa mu ne masu cin goro, amma uwarsa tana can Kurmi. A huhu yake zo mana, a naɗe cikin ganye. Mutum zai iya sayar da shi har ya mutu bai san ko a sama yake fita ba ko a ƙasa kamar gyaɗa. Ni dai na san a bishiya ne. Wannan ilimin ina da shi, ba wanda zai raina mini.

Gonar ta dabino ce, a bayan gari. A nan na haɗu da Haruna, Bahaushen Sudan mai kawo mana taki a mota, mazaunin unguwar Aziziyya. Shi ya warware mini zancen da Hausarsa mai rabi da Larabci. Ya ce mahaifiyar Abu Yasir, Hajiya Kaltume, tun tana 'yar ƙarama iyayenta suka zo da ita ƙasar nan a ƙafa. Duk rayuwarta tana cin goro, ba ta taɓa ganin uwarsa ba, ta ce tana so ta gani da idonta. Ɗan ya nemi ejan ya samo masa gwanin goro, ejan ya ce yana da wani wanda a cikin goro ya tsufa. An ba ni iƙama, wato takardar zama, ta shekara guda. In goro ya tsira a sabunta, in bai tsira ba in koma gida.

Na ce wa Haruna ai ni sayarwa na iya. Ya waiga ya ga ba kowa, sannan ya ce, “Ya ammi, baffana, ka yi shiru. Garin nan tela yana kiwon raƙumi, malamin makaranta yana wankin mota. Abin da iƙama ta ce, shi ne kai.”

To, na zama manomi.

Zango na farko shi ne neman iri. Haruna ya kai ni unguwar Anbariyya, wurin wata mata 'yar Chadi da take sayar da goro a ƙarƙashin zane kamar mai ɓoye zinariya. Da ta yaye zanen ƙamshin ya buge ni, sai ga rumfata a idona, har da muryar maƙwabcina mai sayar da taba gari. Na tsaya ina share ido, na ce mata ƙura ce. Ta ɓara guda ta ba ni rabi. Daga nan hannuna ya shiga aikinsa, ya tsamo mini daushe, tsohon goron nan da ya kwana biyu ya yi zaƙi. Na zaɓi goro na ci, ban san ba a kan ci ake magana ba.

Na shuka shi yadda na ga ana shuka masara. Na sami fili fetal inda rana take da ikonta, na tona da diddige, na jefa, na rufe, na sakar masa tiyo daga rijiyar gona. Kowace safiya sai in tona in duba ko ya fara, in mayar in rufe. Ranar Madina kuwa ba irin tamu ba ce. Tamu duka take yi, wannan girki take yi. Ba a daɗe ba na tono su baƙi ƙirin, sun dahu, saura gishiri. Shi ma gishirin ashe akwai, don ruwan rijiyar zartsi ne.

Duk Juma'a Abu Yasir zai zo ya ce, “Fen goro, ya muhandis?” wato ina goro. Ni kuma in ce masa goro ba ya son gaggawa, yana nazarin ƙasar tukuna.

Daga nan malamai suka yi mini yawa. Haruna ya ce ai dabino sai da namiji da mace, saboda haka goro ma haka ne, ja namiji, fari mace, in haɗa su rami ɗaya. Na haɗa su, ba a sami zuri'a ba. 'Yar Chadi ta ce a ɓara shi kafin a binne, washegari ta ce ita ba ta ce ba. Wani ɗan Bangaladash da muke aiki tare duk abin da na tambaye shi sai ya kaɗa kai gefe da gefe, har yau ban san ko i yake nufi ko a'a ba. Wani dattijo ɗan Nijar da muka haɗu a Harami ya rantse mini cewa goro ba ya tsira wa mai cinsa, kishi gare shi. Na bar cin goro. Kafin mako ya zagayo na yi faɗa da Haruna, na yi faɗa da tiyo, na tsaya ina yi wa wani dabino gargaɗi. Na koma ci.

A lokacin nan na fi jin kewar gida. A can in na ce goro kaza ne, ba mai musa mini. A nan ga ni da goro a hannu, abin da na fi sani a duniya, ina juya shi ina kallonsa kamar baƙo. Ina samansa, ina ƙasansa? Ban taɓa tambaya ba, don bakin mai ci bai damu ba.

Sai na tuna da Mudi, wani Bahaushen Shagamu da yake ɗaura mana huhu tun da daɗewa. Na kira shi, na fara sa shi ya yi mini alkawari ba zai gaya wa kowa ba. Da ya ji zancen ya yi dariya har na ɗauka wayar ce ta lalace. Da ya huta ya karanto mini. Ya ce a nemo lafiyayyen goro wanda bai bushe ba, sankara ba ta taɓa shi ba. A kwantar da shi a gefensa cikin dusar katako mai danshi, a rufe, a ajiye a inuwa inda akwai ɗumi. A ƙyale shi wata biyu ko uku, kuma in daina tono shi kamar kaza. In ya fitar da saiwa a mayar da shi baƙar leda da ƙasa mai taki. Ya ce ƙaramin goro ba ya son rana ta gan shi, su a gindin ayaba suke renonsa. Ruwa kuma na sama yake so, ban da mai zartsi, kuma yana son iska mai laima. Na ce yaushe zai yi 'ya'ya? Ya ce shekara bakwai, in yana ƙaunarka.

Na ajiye waya na dubi sararin Madina, ko ɗigon gajimare babu. Mudi ya ba ni aikin nemo damina.

Haruna ne ya samo ta. Ya ce ruwan da yake ɗiga a bayan mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ba shi da gishiri ko kaɗan. Ya bi maƙwabtansa na Aziziyya gida gida yana sa musu jarka a ƙarƙashin na'ura. Suka ɗauka magani yake haɗawa, har wata tsohuwa ta aiko a sa mata jikanta a ciki. Shi ne kuma ya dinga tare tsofaffin mata 'yan umara daga Najeriya, yana roƙon su goron da suka ɓoyo a cikin kaya. Wasu su ba shi, wasu su ce ko Larabawan filin jirgi ba su raba su da shi ba balle shi. Dusa kuma wani kafinta ɗan Pakistan ya cika mana buhu, ya ƙi karɓar komai, ya dafa ƙirji kawai. Allah ya saka wa mutanen nan.

Na jera goron a babban baho, na rufe da jiƙaƙƙen algarara, na tura ƙarƙashin gadona a ɗakin gona. Da sanyi ya shigo na ba shi bargona. Na hana kaina leƙawa, abin da ya fi mini azumi wuya.

Wata safiya na ɗaga algarara na ga fari fari yana leƙowa. Goro ya buɗe baki, saiwa ta fito, wasu har da ɗan kai. Ya kamata in yi murna, kuma na yi. Amma bari in gaya muku abin da ba mai ganewa sai ɗan goro. A wurinmu tsiro asara ne. Da zarar goro ya tsira a huhu to ya fara shanye kansa, zai yi laushi ya lalace. Aikin farko da ake koya wa yaron shago shi ne ya zauna ya bi goro ɗaya ɗaya, ya sa farcen babban yatsa ya cire tsiron. Maigidana Alhaji Garba da ranƙwashi ya koya mini. Ina tsugune gaban bahon nan, zuciyata tana hamdala, babban yatsana yana ƙaiƙayi. Sai da na sa hannu a aljihu.

Na gaya wa Abu Yasir goro ya tsira. Ya zo ya gani, ya sumbace ni a ka, ya ce Juma'a bayan la'asar zai kawo Hajiya ta sa albarka, daga nan ya sabunta iƙama, don ta kusa ƙarewa. Ya ce kada in mayar da su leda sai ta gani da saiwarsu.

A makon nan Alhaji Garba ya sauka Madina, ya zo umara. Mutumin da ya ɗauke ni ina yaro, ya ba ni faifan farko, ya tsaya mini a aurena. Ya tsufa ƙwarai, amma ido da farce suna nan. A gida ban gaya wa kowa ina shuka goro ba, don in 'yan layinmu suka ji, har jikokina sai an yi musu waƙa. Shugaban masu gadi na ce musu. Ranar Alhamis Haruna ya ɗauko mini Alhaji Garba. Tsohon ya kawo mini daddawa da kuka da labarin waɗanda suka mutu. Muka sha shayi, ya ce zai ɗan miƙe bayansa. Lokacin ban-ruwan dabino ya yi, na bar shi a ɗaki na fita.

Da na dawo na tarar da shi zaune a tabarma ya baje ƙafafu, fuskarsa tana haske kamar wanda ya sauke farali. Ga bahona an wanke an kife. Ga dusa an zubar a waje. Ga gorona a jere kan algarara, ja gefe guda, fari gefe guda, an wanke su tas suna ƙyalli. Ga kuma wani ɗan tsibi a gefe, fari fari, kamar an yanke wa jarirai farce.

“Ɗanjuma, Saudiyya ta lalata ka,” in ji shi. “Tun daga bakin ƙofa hancina ya gaya mini. Goro har da saiwa? A cikin dusa, kamar ɗan tsako? Da wani ne ya gani ba ni ba, ina za ka sa fuskarka?”

Na tsuguna gaban tsibin.

“Ba komai, na gyara maka. Ko ɗaya ban bari ba, ka san hannuna. Na ci biyu, ba laifi, sun ɗan yi laushi.”

Na dubi tsibin nan, watannina ne da jarkokin Haruna da Baƙi'a gaba ɗaya. Na dubi tsohon, yana jira. Kuma wallahi aikin ya yi kyau. Ko ƙwarzane babu, kowane an cire shi daidai gindi. In ni na shiga ɗakin wani na ga haka, abin da zan yi ke nan. Sai na ji gwiwoyin nan da ba sa lanƙwasuwa sun lanƙwasu, na durƙusa na ce, “Na gode, Alhaji. Allah ya ƙara girma.” Ya ce amin, in dinga kula.

Haruna da ya zo ɗaukarsa ya leƙa ya gani, ya fita bayan mota ya daɗe. Ban sani ba ko kuka ya yi ko dariya, da ya dawo dai idonsa ja. Bayan ya kai Alhaji masauki ya kira ni ya ce mu manna saiwar da ƙaro, ko mu ce ɓera ne. Na ce wane ɓera ne yake ware ja da fari?

Juma'a bayan la'asar motar Abu Yasir ta tsaya. Ya fito da Hajiya Kaltume a keken guragu, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, baki ja da goro, ido kamar na shaho. Muka gaisa da irin Hausar da tun kakata rabon da in ji ta. Na shimfiɗa darduma a inuwar dabino. Da ba ni da abin nunawa, sai na yi abin da na iya, na jera goron a faranti na ajiye gabanta.

Abu Yasir ya duba, ya sake dubawa, ya ɗaga ɗaya ya juya. Ya tambaya ina saiwar. Na ce an gyara. Daga nan Larabci ya ɓalle. Ban tsinci komai ba sai khalas, wato an gama, da kuma kalmar nan ta fitar da mutum daga ƙasa, wadda ko kurma ya zauna Saudiyya ya san ta. Na tsaya ina kallon wajen da Harami yake, ina lissafin yadda zan shiga kasuwarmu da jakata.

Hajiya ta ɗauki goro ɗaya ta shafa bakinsa da babban yatsa, daidai inda aka cire tsiron. Ta ɗauki wani ta shafa. Sai kafaɗunta suka fara rawa.

“Wa ya yi wannan aikin?”

Na ce maigidana ne, ya zo umara.

“Yana da hannu,” ta ce. “Ubana falken goro ne. A hanyarmu ta zuwa, duk inda aka yada zango haka yake zama da huhunsa, ni ina tara masa tsiron a zane. Kai kuma yadda ka jera farantin nan, ba manomin da ya iya. Ɗan goro ne kai, ko?”

Na ce, “Ranki ya daɗe, abin da iƙama ta ce, shi ne ni.”

Ta yi dariya har tari ya kama ta. Ta ciro magogi daga jaka, ta goga rabin guda daga irin da muka sha wahala a kansa, ta watsa a baki. Sannan ta juya kan ɗanta. Sun daɗe suna yi da Larabci, shi yana ɗaga hannu, ita tana nuna shi da magogi. Ina jin goro, ina jin miskin, ina jin sunan Allah. Na dubi Haruna ya fassara, ya ɗauke kai yana nazarin dabino. Ban san ko korata ake yi ko aurar da ni ake yi ba.

Can Abu Yasir ya sauke hannu, ya sumbaci kan uwarsa, ya tafi wajen mota yana magana shi kaɗai. Hajiya ta yafito ni. Ta tambaya tun da aka fara, sau nawa ya tsira. Na ce sau ɗaya. Ta ce wanda ya tsirar sau ɗaya ya san hanya, wani sabon da ejan zai aiko kuwa wataƙila mai sayar da taba ne. Ta tambaya shekara nawa kafin ya yi 'ya'ya. Na gaya mata abin da Mudi ya ce, har da sharaɗin ƙauna. Ta ƙirga a yatsu, ta dube ni sama da ƙasa kamar mai taya akuya.

“Za a sabunta maka. Amma sharaɗi biyu. Ban da kai, wani ɗan goro ba ya ƙara shiga ɗakin nan, ko ubanka ne. Na biyu, ni da kai ba mai mutuwa sai ya yi 'ya'ya.”

Na ce, “Hajiya, ai wannan ba ya hannun kafil. Kuma ni, in gaskiya ake so, mutuwar ce ta kawo ni garin nan.”

Ta ƙarasa tauna abin da yake bakinta, ta mayar da magogi jaka.

“Na sani,” ta ce. “To in ka ji tana tafe, ka nuna wa Haruna yadda ake ban-ruwan.”